Tsofaffin Waƙoƙi ko Sababbi? Yadda Mawaƙi Zai Raba Mintunansa a Babban Taro

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau a kan dandamali maganarmu take. An gayyaci mawaƙi babban taro, irin wasan Sallah da ake haɗa mawaƙa takwas ko goma a fili ɗaya, an ce masa yana da minti 30. Ga waƙoƙin da suka fito da shi shekarun baya, ga kuma sababbi da ya kwana a situdiyo yana yi, waɗanda ransa ya fi kwantawa da su. Waɗanne zai rera?

Amsarmu tun daga farko ita ce, a irin wannan taro tsofaffin ne za su ɗauki kaso mafi tsoka. Sabuwa ɗaya ta ishe shi, biyu idan lokacin ya kai minti 45. Inda aikin yake shi ne sanin dalili, da sanin gurbin da za a ajiye sabuwar.

Mu fara da mutanen da ke filin. Idan mawaƙi ya shirya wasansa shi kaɗai, ya buga hotonsa a fosta, duk wanda ya yanki tikiti dominsa ya zo, ya haddace waƙoƙinsa, har ma yana ɗokin jin abin da bai fita ba. Taron mawaƙa da yawa kuwa gayya ce ta kowa da kowa. Wannan ya zo don wani mawaƙin, wancan abokai ya rako, waccan ta zo ganin jarumin fim. Yawancinsu waƙarka ɗaya ko biyu suka sani, waɗanda suka ji a gidan biki ko a cikin a-daidaita-sahu, wataƙila ma ba su san kai ne mai su ba sai sun ji kiɗan ya tashi. Irin waɗannan mutane ba su ɗauki alƙawarin yi maka haƙuri ba. Ga mai tsire a gefe, ga mai ruwan sanyi, ga waya a hannu.

Sai lissafin lokaci, wanda mawaƙa da yawa ba sa zama su yi. Minti 30 a takarda ba ya cika 30 a dandamali. Cire minti 2 na hawa da gaisuwa da gwada makirfo. Cire kusan rabin minti tsakanin kowace waƙa da mai bi mata. Idan taron na masu liƙi ne, cire wasu minti 3 ko 4, domin da zarar wani babba ya miƙe ya nufo dandamali da rafar kuɗi, dole a ja waƙar, a ambaci sunansa, a yi masa kirari, ba a yanke kiɗa a fuskarsa. Abin da ya rage kusan minti 22 ne. Waƙa ta minti 5, kun ga huɗu ke nan da ɗan guntu. To a cikin huɗu, idan biyu sababbi ne, rabin wasan ya tafi jama'a na tsaye suna kallonka kamar ana karanta musu sanarwa.

Maganin wannan shi ne a taƙaita tsofaffin. Ba dole a rera tsohuwar waƙa daga farko har ƙarshe ba. Abin da jama'a ke jira shi ne kiɗan buɗewa da suka sani, baiti ɗaya ko biyu, da amshi sau biyu ko uku. Minti biyu da rabi ya wadatar. Ana iya sarƙa uku a jere ba tare da kiɗa ya tsaya ba, muddin saurinsu ya yi kusa da juna. Da haka mintuna 22 za su ɗauki waƙa shida ko bakwai, sabuwa ta samu gurbi ba tare da ta danne kowa ba.

Akwai misali da masana harkar dandamali ke yawan komawa gare shi. Ranar 13 ga Yuli, 1985, a filin Wembley da ke Landan, an yi taron Live Aid don tara wa mutanen Habasha taimakon yunwa. Manyan mawaƙa ne jere, kowa an ba shi kimanin minti 20. Ƙungiyar Queen ta cusa waƙa shida a cikin nata lokacin, ta gutsure wasu don su shiga. Biyu daga cikin shidan a 1984 suka fito, wato ba su daɗe ba, amma rediyo da talabijin sun riga sun kai su kunnen kowa. A tsakiya kuma jagoransu Freddie Mercury ya tsaya ba kiɗa, yana jefa wa jama'a gajeren sauti suna mayar masa, filin da ke ɗauke da mutum kusan dubu 72 ya koma 'yan amshinsa.

Abin lura a nan, sabuwar waƙa iri biyu ce. Akwai wadda ta fita, ta yi makonni tana yawo a wayoyi da gidajen biki. Wannan a dandamali kusan tsohuwa ce, a sa ta ba fargaba. Akwai kuma wadda ba wanda ya taɓa ji sai mai situdiyo. Ita ce mai haɗari, kuma a kanta muke cewa ɗaya tak.

Ga mai shirin wasan ƙaramar Sallah, akwai tarko a kalanda. Waƙar da aka saki cikin azumi ba ta samun gidan biki da za ta bi, domin bukukuwa sun tsaya, hankalin mutane yana wajen tafsiri da sahur. Ranar Sallah za ta iso fili baƙuwa. Wanda ke son a amsa masa sabuwar waƙa da Sallah, ya sake ta tun watan Sha'aban ko kafin nan, lokacin da ake ta ɗaura aure kafin azumi, masu kiɗan biki su gama yi masa tallarta.

Yanzu gurbi. Kada sabuwa ta buɗe wasa. Waƙar farko aikinta biyu: ta sanar da na bayan fili wane ne ya hau, sannan ta bai wa mai kula da sauti damar daidaita na'ura, domin a taron mawaƙa da yawa ba kowa ke samun gwajin sauti da rana ba, a cikin waƙar farko ake gyara komai. Idan waƙar sananniya ce, ko murya ta ɗan nutse jama'a za su cike gurbin da bakinsu. Idan baƙuwa ce, ga sauti bai zauna ba, ga ba wanda ya san kalmomin, an yi biyu babu. Kada kuma ta rufe wasa, wannan wurin bakandamiyarka ne, waƙar da in ba ka yi ta ba za a ce ba ka zo ba. Gurbin sabuwa shi ne na uku ko na huɗu, bayan jiki ya yi ɗumi, kuma a tabbata wadda ke gabanta da wadda ke bayanta duk masu tayar da fili ne. Sababbi biyu ba sa bin juna.

Yadda za a gabatar da ita kuwa, ba sai mun je aro ba, makaɗanmu sun daɗe da gano hanyar. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, kuma abin da ke riƙe irin wannan waƙa shi ne amshi: gajere, mai sauƙin kamawa, ana maimaita shi har ya zauna a kunne, shi kuma jagora yana zuba baitoci a kai. Haka za a yi wa sabuwar waƙa. Kafin kiɗa ya tashi, mawaƙi ya rera amshin sau biyu da baki kawai, ya miƙa wa jama'a makirfo su mayar, ya raba fili gida biyu, dama da hagu, su yi gasa. Daƙiƙa 40 sun isa. Lokacin da kiɗan zai shigo, suna da abin yi a cikin waƙar. Abin da za a guje wa shi ne dogon jawabi, a tsaya ana ba da labarin yadda aka rubuta ta da wahalar da aka sha. Minti biyu na magana ba kiɗa yana kashe zafin da waƙa biyu suka tara.

A zaɓi sabuwar da ta dace da fili. Mai sanyi, mai dogayen baitoci da sai an natsu ake gane ma'anarsu, a bar ta sai wasan ɗaki. Fili yana son mai kiɗan rawa da amshin da bai wuce layi ɗaya ko biyu ba.

Sai abubuwan da ke lalacewa ta ɓangaren na'ura, kuma sun fi faɗa wa sabuwar waƙa. Sau da yawa ba a gama tace sautinta ba, don haka ƙarfinta bai kai na tsofaffin ba. Tana shigowa sai a ji kamar an rage wuta, jama'a su ɗauka waƙar ce ba ta da armashi. Kafin ranar, mai situdiyo ya daidaita ƙarfin duk waƙoƙin wasan wuri ɗaya. A fitar da kiɗan kowace ba tare da babbar murya ba, a bar muryoyin amshi kawai, a jera su da lamba, 01, 02, 03, a filas biyu, ɗaya wajen DJ ɗaya a aljihun yaron mawaƙi. Kada a kunna daga waya, kira ɗaya zai shigo ya katse kiɗa a gaban dubban mutane. Idan da makaɗa da 'yan amshi ake wasan, sabuwar ce za ta ci mafi yawan lokacin atisaye, domin tsofaffin suna jikinsu, ita kuwa a wurin shiga da wurin tsayawa ake yin karo.

Tsofaffin ma suna da nasu cikas. Muryar da ta hau sama cikin sauƙi shekara 15 da suka wuce ba lallai ta kai can yau ba. Babu abin kunya a sauke kiɗan ƙasa kaɗan, jama'a ba za su lura ba, amma za su lura idan murya ta tsage a amshi. Na biyu, idan fili ya ɗauki amshi, mawaƙi ya bi kiɗan da ke fitowa daga lasifikar da ke fuskantarsa, kada ya bi muryar jama'a. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Mutumin da ke mita 100 daga dandamali a makare yake jin kiɗan, muryarsa kuma a makare take dawowa, jimilla fiye da rabin daƙiƙa. Mawaƙin da ya biye musu zai sauka daga kan kiɗa bai sani ba.

Kuma ba kowace tsohuwa ake tonowa ba. Waƙar da aka yi wa ɗan takara a zaɓen da ya wuce, ko ta yabon wani attajiri alhali abokin hamayyarsa na zaune a kujerar gaba, tana iya raba fili gida biyu cikin minti ɗaya. A tambayi masu shirya taro su wa aka gayyata. A kuma tambayi masu kiɗan bikin garin wace waƙa ce ke tashe a wurinsu, domin wadda ta cika Kano ba lallai ita ce ta cika Maraɗi ko Damagaram ko zangon Kumasi ba, wani lokaci waƙar da mawaƙi ya manta da ita ce ake jira a can.

Duk da haka, ba ma goyon bayan mawaƙi ya mayar da kansa rediyon tsofaffin waƙoƙi. Kowace bakandamiya akwai ranar da ba wanda ya san ta, kuma wanda ya shekara biyar yana maimaita jeri ɗaya, masu shirya taro za su fara sauko da sunansa ƙasan fosta. Akwai ma wanda ya zo da sabon abu, fili ya ƙi, daga baya tarihi ya ba shi gaskiya. A Yulin 1965, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da ke Amurka, Bob Dylan ya hau da jita mai lantarki da makaɗa, alhali an san shi da jita ta katako shi kaɗai. Ya yi waƙa uku, wani ɓangare na jama'a ya yi masa ihu, ya sauka, sannan ya dawo da jita ta katako ya ƙara biyu. Har yau ana gardama ko sabon salon ne ya ɓata musu rai, ko rashin kyan sauti, ko gajartar wasan. Wanda zai bi wannan hanya ya bi ta da saninsa, ya kuma tabbata sautinsa ya fita tsaf, don kada a ƙi waƙar saboda laifin lasifika.

A lokacin da sabuwar ke tafiya, a sa ido a kan tsakiyar fili, domin 'yan gaba masoya ne, ko me aka yi za su yi tsalle. Idan wayoyin tsakiya suna sama ana ɗauka, ta shiga. Idan kawuna sun sunkuya kan waya, aka fara juyawa ana neman mai ruwa, a yanke ta bayan amshi na biyu. Wannan sai an shirya shi tun a gida: alamar hannu ɗaya tsakanin mawaƙi da DJ, da wata sananniyar waƙa da ke jiran ko-ta-kwana. A kuma sani cewa duk waƙar da aka rera a fili ta fita ke nan, kafin gari ya waye tana TikTok da sautin waya mai ƙara. Idan ba a shirya sakinta cikin mako ɗaya ko biyu ba, gara a riƙe ta.

Jerin waƙoƙin a rubuta shi da babban alƙalami a takarda uku, ɗaya a manne a ƙasan dandamali kusa da ƙafar mawaƙi, ɗaya wajen DJ, ɗaya wajen mai kula da sauti. A gefen kowace waƙa a sa mintunanta, a kuma yi wa guda biyu alamar cewa su za a fara zubarwa idan aka zo aka ce lokaci ya ƙure, ko magariba ta kawo jiki, ko janareta ya ci minti biyar. Sabuwar tana cikin biyun nan. Idan mai gabatarwa ya ɗaga yatsu biyar daga gefe, alamar saura minti biyar, a tsallake duk abin da ya rage a tafi kai tsaye ga waƙar rufewa.