Kafin ka sayo babban kare, duba inuwar gidanka

Wannan lacca ce da wani likitan dabbobi ya yi wa matasa masu kiwon karnuka da mafarauta a Birnin Kebbi. Daga rikodin ɗin waya na kwafo ta, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum. Iyayena mafarauta ina gaisuwa, samari sannunku da zuwa.

Maganar addini ba zan ja ta ba tunda akwai malamai a zaune, abin da dai muka sani shi ne hadisi ya yi izinin aje kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma a Bukhari akwai mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. To duk wanda ya aje shi, haƙƙinsa ya hau kansa.

Yanzu yayi ake, yaro ya gani a TikTok sai ya tara kuɗi ya aika Jos ko Abuja a kawo mishi ɗan kwikwiyo, German Shepherd ko Rottweiler ko Boerboel, wasu ma har Caucasian. Jama'a, shi Caucasian ɗin nan asalinsa duwatsun Kokeshiya ne, can wajen Jojiya da kudancin Rasha inda ƙanƙara ke zuba, gashinsa ninki biyu ne, kai kuma ka kawo shi garin da a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ka ɗaure shi a ƙarƙashin kwano. Kare ba ya zufa a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa kuke ganin harshe a waje. In ka ga hakin ya yi yawa, yawu na dalala da kauri, yana tangaɗi, maza kai shi inuwa ka jiƙa mishi ciki da ƙafafu da ruwan randa, sannan a nemo likita. Yawo kuwa sai da asuba ko bayan magariba, kwalta da tsakar rana ƙona mishi tafin ƙafa take. Boerboel ya fi jure zafi tunda daga Afirka ta Kudu yake, amma namiji na iya wuce kilo 60, wanda ya ga haka sai ya lissafa tukunyarsa tukuna. Ni dai in ka tambaye ni, karen gida irin na Baba da ke zaune can ya fi dacewa da yawancinmu, ya san ranar nan, ya san kaska, ba ya cin kuɗi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne sarƙa. Wai a ɗaure shi dare da rana, a hana shi ganin mutane, a bar shi da yunwa don ya yi zafi, wani har barkono yake zuba mishi a abinci. Wallahi ba mai gadi kake haɗawa ba, ranar da ya tsinke wanda zai fara kamawa ɗan gidan ne ko almajirin da ya shigo bara, ɓarawo yana can yana barci. Kare mai gadi na gaskiya shi ne wanda ya san mutanen gida tun yana wata 2 zuwa 3, ya san muryar maigida, in an ce zauna ya zauna. Wannan horon tun yana ƙarami ake yi, kullum minti kaɗan, da ɗan nama a hannu. In ya kai kilo 40 bai san "bari" ba, to shi zai riƙa jan ka a titi.

Abinci sau biyu a rana, kar a tula mishi lokaci ɗaya ya ci ya hau gudu, manyan karnuka cikinsu kan murɗe ya kumbura, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Tuwo zalla ba ya gina kare, a haɗa da kifi ko kayan ciki da aka dafa. Ban da albasa, ban da goro da cakulan, ban da ƙashin kaza dafaffe. Kuma don Allah a daina ba su farasitamol, a daina shafa baƙin mai a ƙazuwa. Ku duba tsakanin yatsu da cikin kunne, nan kaska ke ɓuya, bakin kunnen da ƙuda ke ci har ya yi jini kuma akwai man shafawa a shagon maganin dabbobi.

Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, da yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba mai tashi. Rigakafin nan ba sabo ba ne, tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum a Faransa, a ƙasar nan ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin na karnuka. A yi wa kare allura yana wata 3, sannan duk shekara, a riƙe katin.

Nan wani dattijo ya ce, likita, in kare ya ciji yaro mu gashinsa muke ƙonawa mu shafa.

Baba, Allah ya ja da rai, a bar wannan. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, kuma a cika alluran duka ko da ciwon ya warke. Karen kuma kar a yi gaggawar kashe shi in ana iya kulle shi, a tsare shi kwana 10 likita na dubawa, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara yi wa yaron allura. Wanda ya zo da karensa yau ya biyo ni bayan rumfa, akwai rigakafi a cikin kula, ɗaya bayan ɗaya don Allah, kowa ya riƙe igiyarsa.