Sun ce yau rana za a yi a Aberdeen, ku zo ku ga ranar

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku dubi bayana da kyau. Kyamarar lafiyarta ƙalau, na goge gilashinta kafin in kunna. Teku ne a nan, Tekun Arewa sukutum, taku kaɗan daga inda nake tsaye, ina jin rugugin ruwan amma ko ɗigonsa ba na gani. Ƙarfe biyu na rana ke nan, ƙarshen watan Mayu, a bakin ruwan Aberdeen. Jiya da daddare mai karanta hasashen yanayi a talabijin tana ta murmushi, wai Sikotlan za ta sha rana, wasu wuraren har digiri 21. Wayata yanzu 10 take nunawa. Raina a ɓace yake wallahi, shi ya sa na kunna kyamarar.

Gashi muka shirya. Naman rago na fam 35, gawayi fam 8, har yajin ƙulin da aka aiko min daga Zariya, wanda ko baƙo ba na ba shi, yau na fito da shi. Abokina Bamaraɗe ya ɗauko sabuwar shaddarsa ya zura, babu komai a ciki sai singileti. Ga shi can cikin mota ya kunna na'urar ɗumi, ya ce, "Malam, ni ban baro Maraɗi don sanyi ya kashe ni a bakin gulbi ba." Ya ƙi fitowa ko gaisuwa ya yi muku.

Wannan farin abin da ya rufe mu mutanen nan haar suke ce masa. Hazo ne, amma kada ku kawo hazon hunturunmu a rai, mai busar da leɓe da fasa dunduniya. Wannan jiƙa yake yi. Ku ga gemuna, ruwa ne a jiki alhali ko yayyafi ba a yi ba. Da safe garau garin yake, har na hango jiragen ruwan da ke kai wa rijiyoyin mai kaya suna jiran shiga tasha. Muna sauke kaya daga mota sai ga shi yana tahowa daga kan ruwa, kafin mu hura wuta ya haɗiye jiragen, ya haɗiye injinan iskan nan da ke cikin teku, ya hau titi.

Abin da ya fi ba ni haushi, matar talabijin ba ƙarya ta yi ba. Yanzun nan wani ɗan'uwa da ke zaune a Banchory ya turo min hoto, yana kwance a kan ciyawa, 'ya'yansa na shan askirim, rana ƙwal. Banchory fa mil 18 ne daga nan, mota ba ta cika awa ɗaya ba. Ballater ma haka, can wajen Balmoral inda Sarauniya Elizabeth ta rasu a 2022, su ma yau daɗi suke ji. Mu na bakin ruwa ne kawai aka ware.

Wani dattijo da muke aiki tare, wanda ya daɗe yana zuwa rijiyoyin mai a jirgi mai saukar ungulu, shi ya warware min abin. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi, teku kuwa jan ƙafa yake. Ruwan nan ya fi sanyi wajen Fabrairu da Maris, kuma a Mayu bai wuce digiri 9 ko 10 ba, sai Agusta yake ɗan yin dama-dama. To idan iska mai ɗumi da laima ta biyo ta kan wannan ruwan sanyin, sai ƙasanta ya huce, laimar ta dunƙule ta zama hazo. Da rana ta gasa tudu, iskar tudun sai ta tashi sama, ta tekun ta shigo ta cike gurbin, ta jawo hazon zuwa cikin gari. Kun ga ke nan zafin ranar da aka yi mana alkawari shi da kansa ya kira mana wannan. Daga Afrilu zuwa Satumba ake fama da shi, kuma ba mu kaɗai ba, Edinburgh da Dundee da gaɓar Newcastle duk suna sha. Filin jirgin sama na Dyce, wanda ke cikin mafiya hada-hadar jirage masu saukar ungulu a duniya, idan abin ya yi kauri ma'aikatan mai sai su wuni zaune da jakunkunansu. Wanda ke can kan teku yana ɗokin dawowa gida kuwa sai ya ƙara kwana.

Saboda haka ni yanzu idan na buɗe manhajar Met Office, hukumar hasashen yanayinsu, ba na fara kallon hoton rana ko gajimare. 'Yar kibiyar nan da ke nuna inda iska ta fito nake nema. Idan daga yamma take, ta tsallako duwatsun Cairngorms ta zubar da ruwanta a can, to mu za mu samu bushewa da ɗumi. Idan daga gabas ko kudu maso gabas take, ko sun zana rana goma a allon, ɗauki rigar sanyinka. Kuma Mayu shi ne lokacin da iskar gabas ta fi yawaita. Da matsin iska mai ƙarfi ya zauna a arewacinmu ko wajen Norway, iska sai ta kewaye shi ta ɓullo mana ta kan teku. Mutanen yammacin ƙasar, su Oban da tsibirin Skye, waɗanda ruwan sama ke duka kusan kullum, Mayu ne watan sallarsu. Mu kuma a nan muna karkarwa.

Masu tambayata yaya sauran watan da farkon Yuni za su kasance, ga abin da na fahimta da zama a nan. Hasashen kwana biyu ko uku ana iya dogara da shi. Na wata guda da suke rubutawa kuwa, karanta shi ka ji, duk "mai yiwuwa" ne da "akwai alamar", ba sa kama suna. Abin da za ka riƙe shi ne matsakaicin zafin rana a Aberdeen cikin Mayu wajen digiri 13 ne, dare kuma yana sauka ƙasa da 7, a ƙauyukan tudu ma har ƙanƙara kan kwanta a ciyawa da asuba. Maƙwabciyata tsohuwa ba ta yarda ta dasa furanninta a waje sai Mayu ya fita, kuma duk ta ganni babu kwat sai ta yi min faɗa, wai kakanninta sun hana cire kayan sanyi kafin ƙarshen watan. Shekarar 2025 ce ta ruɗa mutane. Met Office ta ce ba a taɓa samun watannin Maris zuwa Mayu masu ɗumi da yawan rana irin na shekarar ba tun da aka fara rubutawa a Birtaniya, har koguna suka ja baya a gabashin Sikotlan, aka riƙa roƙon mutane su rage ɓarnar ruwa. Waɗanda suka iso a lokacin sun ɗauka haka ƙasar take. Ina tausaya musu.

Af, maganar ruwa ta tuna min. Kowa a gida gani yake nan kullum ruwan sama ake. Aberdeen wajen milimita 800 take samu a shekara, kusan abin da Kano ke samu a damina, ita kuwa Zariya ta fi nan ruwa. Bambancin, namu yana zuwa da hadari da tsawa da ƙanshin ƙasa, ya zuba cikin wata huɗu ko biyar ya tafi. Nasu tsiyaya ne, yau kaɗan gobe kaɗan, babu ko tsawar da za ta sa ka yi salati. Ƙanshin ruwan farkon nan shi nake kewa. Jiya na kira Hajiya, ta ce hadari yana ta haɗuwa ta gabas yana watsewa, zafi ya hana barci, babu wuta, a tsakar gida suke kwana. Na ce mata mu nan digiri 10. Ta ce, "Kai dai ka gode Allah, ɗan nan." Na yi shiru, domin kuɗin gas na watan jiya fam 90 ne, kuma ban ga ranar da zan kashe na'urar ɗumi ba tukuna. A Yulin 2022 da zafi ya kai 40.3 a Ingila, ƙasar nan tsayawa ta yi cak, wasu jiragen ƙasa suka daina tafiya. Mu a Sakkwato da Maiduguri haka ake tafiya kasuwa a Afrilu, wani ma da azumi a bakinsa. A wannan fannin dai mun fi su, ba cika baki ba.

Abu ɗaya da ba zan ƙi yaba wa wannan lokacin ba shi ne haske. Yanzu rana na fitowa wajen huɗu da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai goma saura kwata na dare. Zuwa 21 ga Yuni kusan awa 18 ake yi da rana. Ka tashi aiki ƙarfe biyar, ka je Torry Battery, wani tsohon sansanin soja a bakin teku, ka zauna kana kallon kifayen dolfin suna tsalle a bakin tashar jiragen ruwa, kyauta, ka dawo gida har yanzu la'asar ce. Amma salla fa sai ka yi da gaske. Shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya a watannin nan, sararin arewa yana nan da ɗan haske har tsakar dare, don haka lokacin isha da asuba lissafi ake yi, kuma jadawalin wata manhaja ya sha bamban da na wata. Ni na masallaci nake bi, hankalina kwance. Waɗanda suka yi azumin 2016 a garin nan, da ya faɗo a Yuni, har yau idan suna ba da labari sai ka ga sun girgiza kai. Ku sayi labule mai kauri, baƙi, na samu nawa fam 20. In ba haka ba yaro zai tashe ku ƙarfe huɗu ya ce gari ya waye, kuma gaskiyarsa.

Ƙannena masu shirin zuwa karatu Jami'ar Aberdeen ko Robert Gordon, ku ji ni da kyau. Kada wanda ya ce muku kun taho lokacin zafi ku bar kayan sanyi. Riga mai hana iska da ruwa ita ce gaba, a sa ta kan suwaita, in rana ta fito a tuɓe a ɗaura a ƙugu. Lema ɓarnar kuɗi ce, iskar Union Street, babban titin garin, za ta juya ta ciki ya koma waje. Mai atishawa kuma ya tanadi magani, domin daga yanzu ƙurar furen ciyawa za ta fara tashi, gonakin nan masu ruwan ɗorawa duk sun buɗe a hanyar Stonehaven. Idan za ku tashi daga Dyce ku canza jirgi a Landan zuwa Abuja, ku bar tazara mai yawa a tsakani, hazon nan bai san tikiti ba.

Sai kuma waɗannan fararen tsuntsayen tekun da kuke jin kukansu tun ɗazu. Yanzu ne suke ƙwai a kan rufin gidaje, daga nan zuwa Yuli kuma ba su da mutunci ko kaɗan. Ƙarfe uku na dare suke fara ihu. Kwanaki a kan idona ɗaya ta sauko ta fauce wa wata yarinya soyayyen kifi daga hannu, yadda shirwa ke yi wa ɗan tsako, kifin fam 12. Kuma ba ka isa ka taɓa su ba, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kashe su ko rushe sheƙarsu sai da izinin hukuma. Idan za ka ci abu a waje, jingina bayanka da bango, ta baya suke zuwa. Ga ɗaya nan ta sauka a kan fitilar titi, wallahi tun da na fara magana take kallona. Bari in matsa daga nan, sai mun sake haɗuwa.