Nima, Zangon da Ya Raine Mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, dattawa da samari, barkanmu da ganin juna. Na san wasu daga aikin dare suka wuto nan, ko runtsawa ba su yi ba, ga kuma sanyin Hamburg. Allah ya saka da alheri.

Shugaba ya ce yau ni zan ba da labarin inda na fito. A Nima aka yanke mini cibiya, cikin birnin Accra, wanda iyayenmu ke kira Ankara. Na ga 'yan Gana suna murmushi. Na san abin da ake faɗi a kan unguwarmu, shi ya sa ma nake so in yi magana.

A farkon shekarun 1930 Nima fili ne na kiwo a bayan gari. Wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya nemi wurin daga zuriyar Odoi Kwao, mutanen Ga masu ƙasar, domin ya riƙa ajiye dabbobi kafin a shiga da su kasuwa. Inda shanu suka sauka kuwa, mahauta sai su biyo, mai tuwo ta kafa tukunya, malami ya shimfiɗa buzu. Sunan ma baki biyu ne. Mutanen Ga sun ce daga harshensu yake, ma'anarsa garin sarki. Iyayenmu sun ce ni'ima ce. Ni dai da na iyayena na tashi.

Abin da ya cika unguwar shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin saman Amurka sun kafa sansani a filin jirgin Accra, aiki ya samu: kuku, wanki da guga, gadi, dako, lebura. Da yaƙi ya ƙare, tsofaffin sojojin da suka dawo daga ƙasar Bama (Burma), yawancinsu 'yan arewa, su ma suka nemi ɗaki mai araha. Ku dubi inda Nima take. Cantonments na gefe, Ridge na gefe, unguwar masu hali ta filin jirgi na gefe. Da asuba mutanenmu ke fita a ƙasa su share waɗancan gidaje, su dafa, su tsare ƙofa, da dare su dawo lungun da babu famfo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, daga ƙasar Sakkwato ya zo da niyyar sayen goro ya koma. Gadi ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a Accra aka binne shi.

Shekaru da yawa hukumar birni ba ta lissafa Nima a cikin gari ba, kowa ya gina inda ya samu. Shi ya sa lungunanmu suka matse, har akwai inda in an ɗauko makara sai an karkata ta. Gida ɗaya, ɗakuna a jere, kowane ɗaki iyali guda, tsakar gida ɗaya, murhu kusa da murhu. Gidan da na tashi akwai Bazabarme mai sayar da albasa, akwai Bamoshe, akwai tsohuwa 'yar Kotokoli, akwai Bayarabiya mai kanti, da wani Bafarafare Kirista da ke tashin mu sahur in ya dawo daga aiki. Duk da Hausa muke magana. Hausarmu ta Zango ce, ba ta damu da namiji da mace a nahawu ba, Kanawa kan yi mana dariya. To amma ita ce igiyar da ta ɗaure ƙabilu sama da goma a gida ɗaya, kuma ita ta ba Gana duka kalmomin abinci. Waakye da ake layi a kai da safe, shinkafa da wake ce. Tuwon zafi, koko da ƙosai, fura, duk sunayenmu ne. Ko 'yan matan arewacin Gana masu dako a kasuwa da ake kira kayayei, kalmar kaya ce a farkon sunan.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Babban kwalbatin da ya raba Nima da Maamobi, duk wanda ya tashi a can ya san warinsa, ya san yadda yake tumbatsa da damina ya shiga ɗakunan mutane. Mun yi layin bayan gida na haya da asuba, kuɗi a hannu. A shekarun 1970 da aka fasa babban titi ta tsakiyar unguwa, gidaje da dama sun tafi. Akwai zaman kashe wando, akwai shaye-shaye, akwai 'yan siyasar da ba sa tuna samarinmu sai lokacin zaɓe, in suna neman masu ƙarfi. Ni da kaina na je neman aiki a wani kamfani, mutumin ya karanta takarduna yana gyaɗa kai, da ya kai kan adireshi sai ya rufe fayil ya ce za su neme ni. Har yau abin na yi mini ciwo.

Ranar da dattawanmu ba sa mantawa ita ce 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a Zango, ba su taɓa ganin Kano ko Dosso ba, aka loda su a manyan motoci. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Mahaifiyata ta ce tsakar gidanmu ta yi tsit kamar an yi rasuwa. A 1983 Najeriya ta yi irin nata a zamanin Shagari, 'yan Gana wajen miliyan guda suka dawo da jakunkunan nan da ake kira Ghana Must Go. Mu da ke zaune a Jamus, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar waɗannan ranaku biyu, domin babu wanda bai san fargabar takarda ba a ɗakin nan.

Duk da haka unguwar ta sake cika. Ku je ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, ku ga buhunan gero da wake da masara daga arewa, ku ga kaji da kayan yaji, titi ya toshe. Ku je da azumi ku ga yadda ake jera kwanuka a ƙofar masallaci, kowa ya zo ya ci ba a tambayar ɗan wane ne. Yaron nan Mohammed Kudus, wanda ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2022 a Qatar, a filin ƙasa na Nima ya koyi taka leda, kuma bai taɓa ɓoye inda ya fito ba. Amma ni abin da ya fi girma a idona shi ne al'adar mai masauki. Baƙo ya sauko daga mota da dare, bai san kowa ba, sai a tambaye shi garinsu, a kai shi gidan sarkin ƙabilarsa ko wani maigida. A ba shi tabarma da tuwo, gobe a haɗa shi da mai neman lebura. Haka aka yi wa mahaifina. Ba a karɓi ko kwabo a hannunsa ba sai da ya fara samu.

Iyayena da 'yan'uwana, a makon da ya wuce na haɗu da yaro Bahaushe a babbar tashar jirgin ƙasa ta garin nan. Kwanansa uku yana kwana a kan benci, alhali muna da ƙungiya, muna da asusu. Kuɗin da muke tarawa kusan duk na kai gawa gida ne da gudummawar biki, kuma ban raina wannan ba. Roƙona shi ne a ware wani kaso domin sabon zuwa: kuɗin kwana na makon farko, katin mota, da mutum ɗaya mai jin Jamusanci da zai raka shi ofishin baƙi da wurin lauya. A kowace unguwa a samu gida ɗaya da aka san za a iya buga wa waya ko da tsakar dare ne.

Na rubuta sunana a farkon takardar masu ba da masauki, tana hannun sakatare. Shugaba, ina roƙon a sa maganar cikin abin da za a tattauna yau kafin a tashi sallar La'asar. Yaron da na faɗa muku yana zaune can baya kusa da ƙofa, a gidana yake tun ranar.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.