Cluedo: Waye Ya Kashe Mai Gidan?

Jama'a barkanmu da warhaka, yau wasan gano mai kisa zamu duba, sunansa Cluedo, a Amurka kuma Clue suke ce masa. Wani bature ne ɗan Birmingham a Ingila, Anthony Pratt, ya ƙirƙiro shi lokacin yaƙin duniya na biyu, matarsa Elva ita ta zana fasalin gidan dake kan allon, sai a 1949 kamfanin Waddingtons ya fitar da shi kasuwa. Yanzu yana hannun Hasbro.

Labarin gajere ne. An tsinci gawar mai gida, Dr Black, a cikin katafaren gidansa, mutum 6 ake zargi irinsu Kanar Mustard da Farfesa Plum da Miss Scarlett, makamai 6 ne, akwai igiya, wuƙa, ƙaramar bindiga, sifana, bututun dalma da mazaunin kyandir, ɗakuna kuma 9. Kowanne da katinsa, kati 21 kenan. Kafin a fara sai a zaro kati uku a rufe, mutum ɗaya, makami ɗaya, ɗaki ɗaya, a zuba cikin ambulan a ajiye tsakiyar allo ba wanda ya gani, sauran a cakuɗa a raba wa 'yan wasa. Abin da ke cikin ambulan ɗin nan shi kowa ke nema, kuma in ka lissafa hanyoyi 324 ne zai iya kasancewa, don haka mai cewa zai yi canki-canka ya dace to Allah ya bashi sa'a.

Tafiya da dais ake yi kamar ludo. Kana shiga ɗaki sai ka yi zargi da babbar murya, misali kace ina zargin Farfesa Plum, da igiya, a kicin, amma dole ɗakin da kake ciki zaka ambata. Na hagunka in yana da ɗaya daga cikin ukun nan zai nuna maka kai kaɗai a ɓoye, kati ɗaya tak ko da yana da biyu, in bashi da ko ɗaya sai na gabansa. Duk katin da ka gani ka san baya ambulan, sai ka soke shi a takardarka.

To anan ne sabbin shiga suke barin wasa a baya, suna gama nasu zagayen sai su ɗauki waya suna latse-latse, alhali rabin bayanin a zagayen wasu yake fitowa. Duba nan. A ce ƙanwarka ta yi zargin Mustard, wuƙa, laburare, kai kuma Mustard da laburare duk suna hannunka, sai ka ga yayanku ya miƙa mata kati a ɓoye. Baka ga katin ba amma ai ka san wuƙa ce, ka samu bayani kyauta ba tare da ka jefa dais ba. Haka in mutum yace bani da ko ɗaya, rubuta, kati uku kenan ka tabbatar basa wajensa.

Masu wayo kuma har katin dake hannunsu suke ambata da gangan. Kana riƙe da Plum da kicin sai kace Plum, kicin, sifana, in kowa yayi shiru to sifana ce makamin, su kuma suna can a ruɗe basu san wanne kake farauta ba. Kar dai ka maimaita dabarar har a gane ka. Sannan ɗakunan kusurwa suna da hanyar sirri, daga kicin zaka faɗa ɗakin karatu (study, ba laburare ba) kai tsaye, ni wallahi da ita nafi yawo don dais ɗin yana ɓata lokaci, kuma shine babban aibin wasan a ganina, sai ka yi zagaye biyu a tsakar gida baka shiga ɗaki ba.

Tuhumar ƙarshe sau ɗaya ake yi. Ka faɗi ukun ka leƙa ambulan kai kaɗai, in daidai ne ka baje su ka ci wasa, in ka kuskure ka mayar shiru, ka fita daga neman nasara amma zaka cigaba da zama kana nuna kati ga duk wanda ya tambaya. Mutum 3 zuwa 6 suke bugawa, amma ku gwada ku huɗu, yafi tafiya da sauri.