Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Ziyararsa Tsibirin Man

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Mai Girma Hakimi, da 'yan tawagarka, iyaye da 'yan'uwa. A madadin Hausawa mazauna wannan tsibiri, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya, sannu da ƙetare teku. Ba mu da yawa a nan, shi ya sa zuwan uba irinka ya zame mana ranar salla.

Allah ya ja zamaninka, ƙasar da ka sauka ƙarama ce. Girmanta murabba'in kilomita 572, mutanenta kuwa a ƙidayar 2021 sun ɗan haura 84,000. Ruwa ya kewaye ta, Ingila na gabas, Ailan na yamma, Sikotilan na arewa. Ba ta cikin tarayyar Birtaniya duk da cewa Sarki Charles ne ubangidanta. Tana da kuɗinta da dokokinta da majalisarta, Tynwald.

Tsaunuka ne suka mamaye tsakiya, mafi tsawonsu Snaefell, mita 620. Wani kwari ya ratsa su daga gabas zuwa yamma, arewa kuma shimfiɗaɗɗen fili ne na noma. Wannan ne ya kora manyan garuruwa bakin teku, kowanne da mashigin jiragensa. Douglas da muke ciki ita ce hedikwata, kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a a nan suke. Kafin ita Castletown ce ke riƙe da mulki, can kudu kusa da filin jirgin da ka sauka, kuma tsohuwar fadarta mai ganuwa na nan tsaye. Ramsey na arewa. Peel na yamma, garin masunta da masu bandar kifi. A Laxey akwai wani ƙaton wili mai tsayin mita 22 da ruwa ke juyawa, an kafa shi a 1854 don kwalfe ramukan haƙar dalma.

Amma ranka ya daɗe, in lokaci ya ƙure, ƙauyuka biyu ne ba za mu so ka koma ba ka taka su ba.

Na farko Cregneash, a ƙarshen kudu, kusa da ɗan tsibirin Calf of Man inda ake nazarin tsuntsaye. Gidajensa na dutse ne masu farin shafe da jinkar ciyawa. A nan Ned Maddrell ya tashi, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka sha Manks, harshen asali na wannan tsibiri, a nono. Ya rasu a 1974. Ba yaƙi ne ya kashe harshen ba. Iyaye ne suka ga Ingilishi ke kawo aiki, suka daina yi wa 'ya'yansu nasu, sai ya ja da baya daga garuruwa zuwa ƙauyukan masunta irin wannan. Allah ya sa an naɗi muryoyin tsofaffin kafin su tafi.

Na biyu St John's, a cikin kwarin nan na tsakiya. A kan wani tudu da ke wurin majalisa ke zama a fili kowace shekara, yawanci ran 5 ga Yuli, a shelanta sababbin dokoki da Ingilishi da Manks. Daura da tudun akwai firamare, Bunscoill Ghaelgagh, wadda aka soma a 2001, inda ake koyar da kusan komai da Manks. Da UNESCO ta sa harshen cikin matattu a 2009, ɗaliban makarantar ne suka rubuta mata wasiƙu da shi, aka gyara bayanin. A 2021 mutum sama da 2,000 sun ce suna jin sa, ko karanta shi, ko rubuta shi.

Ranka ya daɗe, wannan labari yana taɓa mu, domin a gidajenmu na nan akwai yaran da ake yi wa magana da Hausa su amsa da Ingilishi. Muna son soma ajin koyar da Hausa ran Asabar. Kokenmu shi ne a taimaka mana da littattafan karatu na firamare daga gida, kuma ka yi wa iyaye nasiha da bakinka kafin ka tashi, don maganar uba ta fi tamu nauyi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya maida kai gida lafiya. Abinci ya sauka, bismillah.