Sabuwar ƙwallo ta tashe ni daga inda na saba tsayawa

Salamu alaikum mutanen Damagaram, musamman 'yan fadarmu ta Birni, na san yanzu kuna kan shayi na biyu. Daga Liyon ta ƙasar Faransa nake gaishe ku, cikin gidan wasan bulin ɗin nan da na nuna muku kwanakin baya, wasan da ake gangara ƙwallo a zubar da kwalabe. Ku yi haƙuri da ƙara, kwalaben wasa ne ke zubewa.

Kun ga sabuwar ƙwallon? Tawa ce ta kaina. Kilo 6 da ɗoriya, an huda ramukanta daidai da yatsuna. Kuɗinta kuwa ba zan faɗa ba, don Inna tana kallon bidiyon nan.

Ku da kuka saba da petank, wasan cilla ƙwallon ƙarfe, nan ba a cilla ƙwallo sama, gangara ta ake yi. Daga layin da ake saki zuwa kwalbar farko mita 18 ne da 'yan kai, kwalaben goma ne. Faɗin hanyar an raba shi tsagi 39, ga kibau bakwai da aka zana don auna hannu. Abin da kyamara ba za ta nuna muku ba shi ne mai. Ana shafa shi a kusan mita 12 na farko, sauran wurin a bushe yake.

Ƙwallayen da gidan wasa ke bayarwa roba ce mai santsi, inda ka tura su can suke zuwa. Da su na koya, kullum ina tsayawa wuri ɗaya ina auna kibiya ta biyu daga dama. Wannan kuwa bayanta yana shan mai, cikinta akwai wani nauyi da ke sa ta juya. Sai ta sulale a kan mai lafiya lau, tana taka busasshen wuri ta ciji ƙasa ta karya hagu, kamar jakin da ya hango gida.

Ranar farko na sha kunya, wallahi. Mai jifa da hannun dama yana son ƙwallo ta shiga tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke bayanta ta dama. Tawa sai ta tsallake ta farkon gaba ɗaya ta wuce hagu. Na ce ƙarfi ne ya yi kaɗan, na dinga ƙara ƙarfi. Sati guda kafaɗata tana ciwo, maki kuma sai raguwa.

Wani dattijo da ke wasa a hanyar kusa da ni ne ya gaji da kallona. Ya ce in bar hannuna yadda yake, ƙafa zan gyara: in ƙwallo tana wucewa hagu, ni ma in matsa hagu. Na yi zaton ba'a yake yi mini. Ashe tsakiyar hanya ta fi gefe mai, in ka matsa ciki ƙwallo tana daɗewa tana sulɓi kafin ta karya. In matsar da ƙafa tsagi biyu, inda nake aunawa da ido kuma tsagi ɗaya, haka ya koya mini. Tsagi ɗaya bai kai faɗin yatsu biyu ba fa, amma can ƙarshe sai ka ga bambanci. Sai da na matsa sau uku kafin ta faɗa inda nake so.

Kuma abin ba ya zama. Ana cikin wasa ƙwallo tana kwashe man, zuwa zagaye na uku dole ka sake matsawa. Shi ya sa kuke ganin tawul ɗin nan, duk jifa sai na goge ta.

To bari in jefa ku gani. Bismillah.

Kai! Tara suka faɗi. Waccan ta kusurwar dama, ta 10, ta tsaya tana kallona. Ita sabuwar nan ba ta iya mata, karyawa take yi ta bar ta. Ku jira ni, bari in ɗauko ta roba.