Kuɗin COGES: a hannun wa suke kwana?

[Ƙofar wata lakwal a Tawa, da safe, yara na tururuwar shiga]

Oktoba ta kama, an koma lakwal, saƙon muryar nan kuma ya sake zagayowa a WhatsApp. Kun ji shi: wai an ce karatun gwamnati kyauta ne, to dala ɗarin da ake karɓa ta mece ce, ai direkta ne ke zubawa a aljihu. Tambayar tana kan hanya. Hukuncin da aka liƙa mata ne ke buƙatar gyara.

Kuɗin lakwal gida biyu ne. Na farko na gwamnati: albashin malamai, haƙƙin 'yan kwantaragi, littattafai, ginin aji. Yawancinsu direkta ba ya ko jin ƙamshinsu. Albashi ya wuce ga mai shi, littafi ya zo a kwali, gini a ba ɗan kwangila. Masu bin sawun waɗannan suna can sama: sufetocin ma'aikatu, da hukumomin yaƙi da cin dukiyar ƙasa irin COLDEFF da aka kafa a 2023 a madadin tsohuwar hukumar HALCIA. Mu bar su nan.

[Hannun wata uwa tana kwance bakin zane, tana ciro kuɗi]

Na biyu shi ne wannan. Naku. Kuma ba wanda zai taso daga Yamai ya zo ƙirga dala ɗarinki, Inna.

Wanda aka ɗora wa riƙonsu shi ne kwamitin lakwal. A takarda sunansa CGDES tun 2012, amma bakinmu ya saba da COGES. Mutanen Tawa ma ba baƙinsa ba ne: a wannan jiha ce shirin hukumar JICA ta Japan ya soma a 2004, da zaɓen kwamiti ta ƙuri'ar asiri, kafin salon ya bazu cikin ƙasa. A ciki akwai wakilan iyaye, akwai wakiliyar ƙungiyar uwaye mata, akwai malami, akwai direkta.

To ga inda ake tuntuɓe. Ku ɗan rage gudu tare da ni.

[Teburi, kujeru uku, kaye ɗaya a buɗe]

Mutane sun ɗauka direkta shi ne mai kuɗin. A tsarin kuwa, kujerarsa ta sakatare ce: alƙalami gare shi, ba jaka ba. Shugaban kwamiti, wanda iyaye suka zaɓa, shi ke ba da izinin a kashe. Ma'aji shi ke riƙe kuɗi, shi ke fitarwa, shi ke ajiye resi. Hannu uku, aiki uku. An raba su ne da gangan, don kada mai cewa "a saya" ya zama shi ne mai biya, kuma shi ne mai rubuta cewa an saya.

Kuma duk su ukun ba su ne ke yanka yawan kuɗin ba. Babban taron iyaye ne. A can ake lissafa matsalolin shekara: zanar aji ta ruɓe, randar ruwa ta fashe, ba alli, ba mai gadi. A zaɓi waɗanda za a iya, a sa wa kowane farashi, a rubuta tsarin aiki. Daga wannan jimla ake fitar da abin da kowa zai kawo, da kuɗi, ko da kara, ko da ƙarfin jiki. Ma'ana, tsarin aiki ne ke haifar da dala ɗari. In aka fara karɓar kuɗi sannan ake neman abin da za a yi da su, an hau doki ta baya.

[Allo, ana rubuta lissafi da alli]

Mu yi misali, misali kawai. Ɗalibai 300, kowane dala ɗari: jika 150 ke nan, in kowa ya biya. Ba kowa ke biya ba, kun sani, na sani. A ce 200 suka kawo: jika 100. Ga shi tun ba a taɓa ko dala ba, jika 50 sun "ɓace" a lissafin mai zaune a fada. Rabin zargin da kuke ji daga nan yake fitowa. Ɗaya rabin kuma, gaskiya, na gaske ne.

Yaya na gasken yake faruwa? Ba da dare ake fasa akwati ba. A hankali ne. An zaɓi Alhaji ma'aji don mutunci, amma ba ya karanta Faransanci, kuma kasuwa ba ta barin shi. Sai ya ce, "Malam direkta, riƙe mana, ai kai ka san aikin." Shugaba ya tafi cirani Abijan ko Libiya, Adar ce, ba sabon abu ba. Shi ke nan, hannu uku sun koma ɗaya. Ko direktan waliyyi ne, ba shi da sauran hanyar wanke kansa. Ni dai da ni ne shi, wallahi ba zan karɓi jakar nan ba.

[Taron iyaye ƙarƙashin bedi, tabarmi da yawa ba kowa]

Dubi tabarmin nan. Wannan taron bayar da lissafi ne, wanda ya kamata a yi a tsakiyar shekara da ƙarshenta. Ranar rabon kyauta ba wurin zama. Ranar lissafi, akuyoyi sun fi iyaye yawa. Amma uwar adashi ta makara da kwana ɗaya, duk unguwa ta ji.

A wannan taro ma'aji ke buɗe kaye: shafin shiga, shafin fita. Kowane layi na fita da resinsa, kuma abin da aka saya yana cikin tsarin aikin da kuka amince. Ragowar kuma a ƙirga ta a gaban jama'a, kada a ce "tana nan". A karanta da Hausa. Mai duba lissafin kada ya zama ƙanen ma'aji, don Allah.

[Aji na zana, iska na kaɗa shi]

Kada a raina ƙananan kuɗin nan. A lakwal da yawa su ne ke kafa ajin zana kowace shekara, kuma tun gobarar lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai da ta Maraɗi a 2021, ba wanda ke kallon ajin zana da wasa.

In an nemi taro an ƙi kira, ko kayen ya ƙi fitowa, akwai tarayyar kwamitocin lakwal a matakin gari, akwai sufeton ilimi mai kula da yankinku. Ku je ku biyu ko uku, da resinku a hannu, da kwanan watan da kuka biya. Wanda ba a ba resi ba, gobe da safe ya fara da neman nasa.